Babi na Biyar: 'Yan Kallo a Cikin Ruwan Kanwa

Kanwa da gishiri tsofaffin abokan tafiya ne a fataucin Hausawa. Tun zamanin ayari ake ɗauko gishiri daga Bilma da Fachi a sauke shi a kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano, ita kuwa kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, takan zarce kudu maso yamma har Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake musanya ta da goro. Har yau kuma a kasuwannin Adjamé da Treichville na birnin Abijan da ke ƙasar Kwadibuwa, unguwannin da Hausawan Nijar da na Najeriya suka daɗe da zama a cikinsu, ana samun su biyun a gaban mai kayan miya ɗaya. Bincike ya nuna cewa sinadari guda ne ginshiƙin kowannensu, wato sodiyam, wanda ya kai kashi 39 cikin 100 na nauyin gishiri, da kusan kashi 30 na nauyin tsantsar kanwa. Duk da wannan dangantaka babu mai girkin da za ta sa ɗaya a madadin ɗaya, domin kanwa tana nunar da wake da wuri, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, tana kashe tsamin kunu, tana kuma juya launin zoɓo, ayyukan da gishiri bai kama ƙafarta a ko ɗaya daga cikinsu ba. Tunda sodiyam yana cikin duka biyun amma ɗaya ce ke wannan aiki, to lallai wani abu ne dabam ke yin sa, shi kuwa sodiyam yana wurin ba tare da ya sa hannu ba. Ire-irensa su ne masana sinadarai ke kira ayon 'yan kallo.

Ayon ƙwayar zarra ce, ko ƙaramin gungun ƙwayoyin zarra, wadda ta yi asarar ilektiron ko ta sami ƙari, saboda haka take ɗauke da cajin lantarki, ko dai na tarawa (+) ko na ɗebewa (−). A cikin dunƙulen gishiri, ayon ɗin sodiyam mai cajin tarawa da na kuloraid mai cajin ɗebewa a jere suke manne da juna saboda jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani, amma da zarar an zuba shi a ruwa sai ƙwayoyin ruwa su kewaye kowane ayon su raba shi da maƙwabcinsa, kowa ya kama yawonsa. Wannan magana da ɗan sakandare ke haddacewa a yau ta sha wuya kafin ta karɓu. Sa'ad da Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ya gabatar da tushenta a kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Uppsala a 1884, da kyar malaman da suka duba aikin suka bar shi ya tsallake, domin ra'ayin da ya rinjaya a lokacin shi ne sai an tura wutar lantarki cikin ruwa kafin gishiri ya rabu. A 1887 ya fitar da cikakken bayaninsa, a 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel a kan aikin nan da aka raina.

A kan wannan tushe aka gina ma'anar asid da bes. Asid shi ne sinadarin da ke sakin ayon ɗin haidurojin (H⁺), wanda shi ne tushen tsamin lemun tsami da na tsamiya da ƙunar ruwan batir. Bes kuwa shi ne mai karɓar wannan ayon, kamar yadda Johannes Brønsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila suka fayyace a 1923, kowa a nasa gefen, kuma mafi shahara cikin masu karɓar shi ne ayon ɗin haidiroksaid (OH⁻) da ke cikin soda mai ƙuna ta masu yin sabulu. Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopenhagen, yana nuna yawan H⁺ a cikin ruwa: 7 ne tsaka-tsaki, abin da ya gaza haka yana ɓangaren asid, abin da ya haura yana ɓangaren bes, kuma tsakanin kowane taki da na kusa da shi akwai ninki 10.

Idan aka haɗa asid na haidurokulorik (HCl), irin wanda ke cikin tumbin ɗan Adam, da ruwan soda (NaOH), littattafan makaranta kan rubuta jimlar haɗuwar haka: HCl + NaOH → NaCl + H₂O, su ce asid da bes sun haifar da gishiri da ruwa. Jimlar daidai take ta fuskar lissafi, sai dai tana ɓoye abin da ya auku. Tun kafin a haɗa ruwan biyu HCl ya riga ya rabu zuwa H⁺ da kuloraid (Cl⁻), NaOH ma ya rabu zuwa sodiyam (Na⁺) da OH⁻. Bayan an haɗa kuma Na⁺ da Cl⁻ suna nan a rabe yadda suke, babu wani gishirin da ya dunƙule, sai fa in an ɗora ruwan a wuta har ya ƙafe. Cikakkiyar jimlar ita ce H⁺ + Cl⁻ + Na⁺ + OH⁻ → Na⁺ + Cl⁻ + H₂O, kuma idan aka soke duk abin da ya bayyana a hagu da dama ba tare da ya sauya ba, sai taƙaitacciyar jimla ta rage: H⁺ + OH⁻ → H₂O. Waɗanda aka soke ɗin su ne 'yan kallo, kamar dai filin kokawa da ya cika maƙil da jama'a alhali mutum biyu ne kawai suka kama juna a tsakiya.

Sokewar nan tana da hujjar da ake aunawa. Haɗuwar asid da bes tana fitar da zafi, kuma tun daga aikin Germain Hess a Rasha wajen 1840 zuwa dubban gwaje-gwajen da Julius Thomsen ya yi a Kopenhagen, aka lura cewa duk asid mai ƙarfi da aka haɗa da bes mai ƙarfi a cikin wadataccen ruwa, ko haidurokulorik ne ko naitirik, ko sodar sodiyam ce ko ta fotasiyam, zafin da ke fita kusan ɗaya ne, wajen kilojul 57 a kan kowane giram 18 na sabon ruwan da ya samu, adadin da ake kira mol ɗaya. A bisa tsohuwar jimla wannan abin ɗaure kai ne, tunda gishiri iri huɗu ne ya kamata ya samu, kowanne da nasa zafin. Bayanin Arrhenius ya warware ƙullin: haɗuwa guda ce ake ta maimaitawa, 'yan kallo ne kawai ke sauyawa. Hujja ta biyu daga lantarki ta fito, domin Friedrich Kohlrausch a Jamus ya nuna a shekarun 1870 cewa kowane ayon yana ɗaukar wuta da nasa saurin ba tare da kula da abokin tafiyarsa ba, kuma H⁺ ya ninka Na⁺ kusan sau 7 a wannan aiki. Shi ya sa idan ana ɗiga ruwan soda cikin asid ana auna wutar da ke ratsa shi, wutar takan yi ta raguwa yayin da Na⁺ mai nawa ke maye gurbin H⁺ mai sauri, amma ba ta taɓa kaiwa sifiri, saboda ko a lokacin da asid da bes suka cinye juna daidai wa daida, sodiyam da kuloraid suna nan suna ɗaukar wuta.

Ba a iya sallamar 'yan kallo daga wurin, domin babu ruwan da zai riƙe caji iri ɗaya zalla. Dole yawan cajin tarawa ya yi daidai da na ɗebewa, don haka ba a taɓa samun kwalbar H⁺ shi kaɗai ko ta OH⁻ shi kaɗai, kowannensu sai da rakiyar wani ayon mai kishiyar caji. Abin da ke sa wasu masu rakiyar su naɗe hannu kuwa asalinsu ne. Kuloraid ragowar asid ne mai ƙarfin gaske, wanda in ya saki H⁺ ba ya waiwayarsa, haka ma naitiret. Sodiyam da fotasiyam kuma ragowar bes ne mai ƙarfi, ba su da sha'awar kama OH⁻ a cikin ruwa. Amma ragowar asid mai rauni kullum tana neman mayar da H⁺ ɗin da ta rasa, kuma a nan amsar tambayar kanwa take. Abokin tafiyar sodiyam a cikin gishiri kuloraid ne, ɗan kallo ɗan'uwansa, shi ya sa ruwan gishiri ke zaune a kan pH 7. A cikin kanwa kuwa abokan tafiyarsa kabonet ne (CO₃²⁻) da baikabonet (HCO₃⁻), ragowar asid mai rauni da ke samuwa idan iskar kabon (CO₂) ta narke a ruwa, kuma kabonet yakan fizge H⁺ daga jikin ruwan kansa ya bar OH⁻ a sake: CO₃²⁻ + H₂O → HCO₃⁻ + OH⁻. Da haka ruwan kanwa ke hawa zuwa wajen pH 10.

Duk ayyukan kanwa a madafa daga nan suke fitowa. Yanayin bes yana sassauta fektin, wato danƙon da ke riƙe ƙwayoyin halittar wake da juna, sai waken ya yi laushi ba tare da an ƙone itace mai yawa ba. Jan launin zoɓo, wanda mutanen Abijan ke kira bissap, na wani sinadari ne mai suna antosayanin, wanda ke ja a cikin asid, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu idan bes ya ƙwace masa H⁺. Idan kuma kanwa ta gamu da ruwan tsamiya sai a ga kumfa tana tasowa, domin kabonet ya karɓi H⁺ biyu ya rikiɗe ruwa da iskar kabon, iskar ta fice. Akwai wata shaida da masu girkin Kwadibuwa suka kafa ba tare da ɗakin bincike ba: a kasuwa, sunan potasse ɗaya ake kiran kanwar da ta taso daga arewa da kuma abin da ake tacewa daga tokar ɓawon ayaba ko ta ɓawon 'ya'yan koko, ana kuma sa kowannensu a miya don buƙata guda, kamar yadda a ƙasar Hausa ruwan tokar karan gero ke tsayawa a madadin kanwa. Kanwa kabonet ɗin sodiyam ce, ruwan toka kuwa na fotasiyam ne, kuma sun iya wakiltar juna ne saboda bambancinsu a wajen ɗan kallo yake.

Asid mai rauni yana buƙatar a kula da yadda ake rubuta jimlarsa. Ɗan tsamin aceke, garin rogon da ake turarawa a ci da soyayyen kifin tuna a abincin nan da ake kira garba, wanda Hausawan Nijar suka shahara da sayarwa a titunan Abijan, na asid ɗin laktik ne da ƙananan halittu ke samarwa yayin da rogon ke kwana. Asid irin wannan kaɗan daga cikin ƙwayoyinsa ne ke rabuwa a ruwa, mafi yawansu a haɗe suke, saboda haka idan bes ya zo sai ya ɓamɓare H⁺ daga jikinsu, kuma ragowar, wato laktet, ba a soke ta a jimla, tunda a haɗe ta shiga a rabe ta fita. Zafin da ke fita ma yakan kauce wa 57 ɗin nan, kaucewar kuma takan yi yawa a wajen asid ɗin sayanaid, gubar da ɗanyen rogo mai ɗaci ke saki, wanda ke ba da kilojul 12 ko kusa da haka kawai, domin an kashe sauran wajen raba shi da H⁺ ɗinsa.

Sana'ar sabulu ce ta fara nuna iyakar wannan sokewa. Idan aka dafa manja da bes mai ƙarfi, OH⁻ ne ke farfasa ƙwayoyin mai zuwa gilisarin da dogayen ayon masu cajin ɗebewa, waɗanda su ne ainihin sabulu, kuma a wannan mataki babu ruwan kowa da ko sodiyam ne ko fotasiyam ke tsaye a gefe. Amma idan ruwa ya ƙafe dole dogayen ayon ɗin su zauna da wanda suka tarar, kuma a nan halin ɗan kallon ke bayyana: sodiyam, da yake ƙarami ne, yana ba da sabulu mai tauri irin kabakrou da ake yi da soda da manja ana wanki da shi a Abijan, fotasiyam kuwa, wanda ya fi shi girma, yana ba da mai laushi da saurin narkewa irin sabulun salo na ruwan toka. Mai sayen sabulu a kasuwar Adjamé yana zaɓe ne tsakanin ayon biyun da aka soke a takarda.

Saboda haka ya kamata a riƙe cewa zama ɗan kallo matsayi ne da ayon ke samu a cikin haɗuwa guda, wanda yana iya rasa shi a haɗuwa ta gaba. Salfet da ke cikin ruwan batirin mota ɗan kallo ne sa'ad da bakanike ya barbaɗa kanwa a kan asid ɗin da ya zube don ya kashe ƙarfinsa, amma a cikin batirin kansa shi ne ke manne wa darma yayin da cajin ke sauka. Idan aka haɗa asid ɗin nan na salfurik da haidiroksaid ɗin bariyam babu ɗan kallo ko ɗaya, domin H⁺ da OH⁻ sun zama ruwa, bariyam da salfet kuma sun kama juna sun kwanta a ƙasa a matsayin farin gari, har ƙwan lantarkin da aka haɗa da ruwan ya dusashe ya mutu. Misalin da ya fi kusa da gidaje shi ne ruwan Javel da ake goge ɗaki da wanke tufafi da shi, wanda ke ɗauke da kuloraid zaune lafiya tare da haifokulorait mai kashe ƙwayoyin cuta. Da zarar an gauraya shi da wani asid na wanke banɗaki sai kuloraid ɗin ya shiga haɗuwar, iskar kulorin mai ƙona huhu ta taso. Akwai rauni a yadda ake koyar da wannan darasi a makarantu da dama, inda ake horar da ɗalibi ya ja layi a kan Na⁺ da Cl⁻ da hanzari don ya ci jarrabawa, ba a tsaya an nuna masa cewa layin yana nufin ba su sauya ba ne kawai a wannan karon, kuma yana barin su a cikin ruwan da dukan nauyinsu.

Ruwan famfon Abijan misali ne na ayon da ke sauya matsayi a cikin tanki ɗaya. An daɗe ana ɗebo mafi yawansa daga ƙarƙashin ƙasa, daga shimfiɗar yashi da laka da ke arewacin tafkin birnin, kuma da yake ruwan sama na ratsa ƙasar daji ya kwashi iskar kabon, sannan bai gamu da dutsen farar ƙasa da zai kashe masa tsami ba, yakan fito da pH ƙasa da 6, abin da ke cin bututun ƙarfe da siminti. Kamfanin ruwa na SODECI yana gyara shi da farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa, wato haidiroksaid ɗin kalsiyam. A matakin farko jimlar ita ce CO₂ + OH⁻ → HCO₃⁻, kalsiyam kuwa ɗan kallo ne. Amma yayin da pH ke hawa kabonet yana ƙaruwa, har a kai inda kalsiyam zai fara kama shi su zama alli, kuma gwanintar mai kula da ruwa ita ce ya tsayar da shi daidai wannan gaɓa, inda ruwan ya daina cin bututu amma bai fara toshe shi da alli ba.

A tafkin Ébrié, wanda ya raba Treichville da unguwar Plateau, 'yan kallo sun fi yawa nesa ba kusa ba. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 don jiragen ruwa su samu shiga tashar Abijan, ruwan teku ke kutsowa cikin tafkin, gishirinsa ya yi yawa da rani, ya ragu idan damina ta sauka koguna suka kawo ruwan daɗi. A kowace lita ta ruwan teku akwai narkakken gishiri wajen giram 35, wanda kusan kashi 85 cikin 100 nasa sodiyam ne da kuloraid, amma abin da ke riƙe pH ɗinsa a wajen 8.1 shi ne baikabonet da kabonet, waɗanda ba su kai kashi 1 ba. Duk da haka cunkoson yana da tasiri. Peter Debye da Erich Hückel sun nuna a 1923 cewa kowane ayon yana tara wa kansa hazon masu kishiyar caji, hazon kuma yana rage masa ƙarfin jan wasu, ta yadda asid mai rauni ya fi rabuwa a ruwan gishiri fiye da a ruwan daɗi, kuma mai auna pH a teku dole ya daidaita na'urarsa da ruwa mai gishiri irin nasa. Wannan hazo yana aiki a kan laka ma. Ƙananan ƙwayoyin laka suna da cajin ɗebewa a jikinsu, shi ya sa suke ture juna su yi ta yawo a ruwan daɗi, amma idan ruwan kwarin Gourou, wanda ke kwaso ambaliyar unguwannin Abobo da Adjamé ya ratsa mahaɗar Indénié, ya faɗa gaɓar Cocody ya gamu da ruwa mai gishiri, sai sodiyam da magniziyam su rufe wannan caji, ƙwayoyin su dunƙule su kwanta, su ƙaru a kan yashi da sharar da suka daɗe suna cike gaɓar. Kuloraid kuma, wanda bai taɓa pH ba, shi ne babban abokin gabar rodin da ke cikin siminti, domin yana huda siririn rufin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, lissafin da ba ya ɓacewa injiniyan da ke kula da gadar Houphouët-Boigny ta 1957 ko gadar De Gaulle ta 1967.

Birnin ya taɓa ɗanɗana ɗacin ilmin asid da bes ta hanya mafi muni. A ranar 19 ga Agusta 2006 jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya iso tashar Abijan ɗauke da dagwalon da ya rage bayan an wanke wani nau'in mai mai yawan ƙibiritu da soda, wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy kuma ya kwashe fiye da mita kubik 500 na dagwalon ya zubar a wurare kusan 18, ciki har da jujin Akouédo. Fiye da mutum 100,000 suka nemi magani, hukumomi suka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 15, a Fabrairun 2007 kuma Trafigura ya biya gwamnatin ƙasar kusan dala miliyan 198 ba tare da ya amsa laifi ba. A cikin dagwalon sodiyam ɗan kallo ne, amma ayon ɗin ƙibiritu irin su HS⁻ ragowar asid ne mai rauni, waɗanda yawan bes ne kaɗai ke tsare su a cikin ruwa. Duk abin da ya saukar da pH sai su kama H⁺ su tashi a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai mai guba, kuma yadda pH ɗin ya sauka a wuraren da aka zubar na daga cikin batutuwan da masana suka yi ta jayayya a kai bayan haka.

Wurin da ya fi muhimmanci a bi sawun ayon ɗin da aka soke shi ne jikin mutum. Idan aka kashe kaifin kanwa da tsamiya, kabonet ya fice a matsayin iska, harshe ya daina jin ɗacinta, amma sodiyam ɗinta ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba, zai shiga hanji ya wuce cikin jini, ya riƙe ruwa tare da shi, kamar dai na gishiri da na dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 2 na sodiyam a rana, kwatankwacin giram 5 na gishiri, kuma mai hawan jinin da likita ya hana gishiri, ko a Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan da ke Treichville ko a wani asibiti, in ya ci gaba da jiƙa kanwa yana sha don ƙwannafi, bai cika umarnin ba. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wadda ta yi yawa a yankin fiye da kima, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi a kwanakin jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano, musamman na Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa, ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, da hannun talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma bai kamata wannan ya sa a yi sakaci da nauyin sodiyam a kan zuciyar da ta riga ta gaji ba.

Har a kan pH ɗin jini kansa, wanda jiki ke tsarewa tsakanin 7.35 da 7.45, 'yan kallo suna da ta cewa ta hanyar dokar nan ta daidaiton caji. A kowace lita ta ruwan jini akwai sodiyam wajen milimol 140, kuloraid kuwa wajen 100 da 'yan kai, kuma giɓin da ke tsakaninsu shi ne gurbin da baikabonet da furotin ɗin jini masu cajin ɗebewa ke cikewa. Peter Stewart, masanin aikin jiki ɗan Kanada, ya gina cikakken bayani a kan wannan giɓi a wani littafi da ya fitar a 1981, inda ya nuna cewa idan giɓin ya tsuke dole baikabonet ya ragu, jini ya karkata wajen asid. Ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya yana da giram 9 a lita, wato sodiyam 154 da kuloraid 154, babu giɓi ko kaɗan, shi ya sa idan aka ɗura wa mutum shi da yawa jininsa ke yin tsami, alhali babu asid ɗin da aka zuba masa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ga mai amai da gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, wanda dama ya zubar da baikabonet mai yawa ta hanji, aka fi son ruwan Ringer mai laktet, wanda ke da sodiyam 130 da kuloraid 109 da laktet 28, domin hanta tana ƙone laktet ɗin ta bar gurbinsa ga baikabonet.